Magagi da Shimfiɗar Injin Sassaƙa

Akwai laifin da ba a kai mutum jandarmeri saboda shi, ba a kuma yi masa huɗuba ranar Juma'a, amma yana cin abincin mutane kamar fara. Laifin shi ne son a gan ka kana aiki fiye da son aikin ya yi kyau. Na gan shi da idona a kasuwar Filinge, kuma wanda ya yi shi ɗan ƙanwata ne, Mansur. Na faɗi sunansa don kada wani ya ce na rufa wa jinina asiri. Amma ba don shi na zauna rubutu ba. Don Magagi na zauna, wanda ya ajiye aiki a watan nan saboda idonsa ya fara yana, kuma na lura garin nan na shirin barinsa ya koma gida shiru, ba wanda ya miƙe ya ce masa an gode. Ni ban yarda ba.

Igiya nake sayarwa, rumfata tana kallon shagon Mansur, don haka abin da zan faɗa ba jin kunne ba ne, sai inda na ce wane ya gaya mini.

Magagi daga masallacin asuba shago yake wucewa. Injin da yake kula da shi ƙarami ne, bai fi teburin mai shayi ba. Masu boko suna kiransa da haruffa uku, CNC, mu kuwa injin sassaƙa muke cewa. Ana zana abu a ordinata, wato kwamfuta, sai injin ya bi zanen da wani siririn ƙarfe mai juyawa da ake kira meshi, ya sassaƙa katako ko roba. Abin da za a sassaƙa ana kwantar da shi kan wani faffaɗan katako da ke ƙarƙashin meshin. Katakon nan Magagi ke kira shimfiɗa, kuma a kansa rigimar duka ta tashi.

In ya buɗe ɗakin, ba ya fara taɓa kuran, wato wutar lantarki. Sai ya yaye ƙyallen da ya rufe injin, ya ɗauki tsohon burushin fenti ya share sandunan da kan injin ke gudu a kai. Kowane mai shago a layinmu yana yayyafa ruwa da safe don ƙura ta kwanta. Shi kaɗai ba ya yi, ya ce danshi yana kumbura katako. Sannan ya ɗauko siririn tiyo na roba irin na magina, wanda ake ganin ruwan da ke ciki, ya gwada ƙafafun tebur ya ga ko wata ta nutse. Bayan nan ya kunna, ya sauko da meshi a hankali kan ƴar takarda a kusurwa ta farko, har meshin ya ɗan kama takardar ba tare da ya huda ta ba. Ya kai shi sauran kusurwoyi uku, ya kai shi tsakiya. In takardar ta kama a nan ta zame a can, to ranar ba wanda zai ga aikinsa da wuri, ko ɗan wane ne. Ƙarshe ya taɓa igiyoyin roba masu haƙora da ke jan kan injin, ya kaɗa su da yatsa yana kasa kunne kamar mai gurmi.

Na taɓa tsokanarsa. Na ce, "Magagi, wagga gaisuwa da kake yi ma injin ga kullum, ko surukinka ba ka yi mai ita."

Ya ce, "Alhassan, injin ga makaho ne. In an ce mishi sauka kaza, kaza ɗin za shi sauka. Bai san shimfiɗa ta tashi nan ta kwanta can ba. Inda ta tashi shi yanka da zurfi, inda ta kwanta shi shafa sama-sama. Kuma ba shi jin kunya. Ni ke jin ta."

Ba a kan injin aka haife shi ba. Kusan duk ƙuruciyarsa da tsakiyar rayuwarsa a gyaran keken ɗinki da sikelin kasuwa sunka ƙare. Duk tela da ya girma a Filinge ya taɓa tsugunawa gabansa. Mansur ne ya sayo injin a Yamai don sha'awa, saboda ya ga ana yi a waya. Ya yi wata biyu yana wasa da shi, yana sassaƙa sunayen abokansa a kan guntayen katako. Sunan ya fara da ƙarfi a hagu, kafin a kai dama ya ɓace kamar mai shi ya mutu a hanya. Da ya gaji ya ce injin na banza ne, an cuce shi. Ya kira Magagi ya duba ko akwai abin da za a cire a sayar.

Magagi bai cire komi ba. Ya zauna ya dubi abin da kowa ya tsallake. Teburin na kan turɓaya, an toƙare ƙafafunsa da guntayen katako kamar yadda muke yi wa kowane tebur a ƙasar nan, kuma gara ta riga ta cinye toƙarin ƙafa ɗaya daga ciki. Ya sa aka zuba siminti a ƙuryar ɗakin baya. Ya je wurin Talle maƙeri aka yi wa teburin ƙafafun ƙarfe masu bulon a gindi, waɗanda ake murɗawa ƙafa ta tashi ko ta sauka. Ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya gicciya wani, ya yi ta sassauta jikin injin yana ɗaurewa har tsawon zaren biyu ya zo ɗaya. Ya gano kan da ke riƙe meshi ya ɗan sunkuya gaba, ya yanka gwangwanin madara siri-siri ya cusa a bayansa har ya miƙe tsaye. Daga ƙarshe ya ɗaura meshi mai faɗin baki ya sa injin ya aske shimfiɗarsa da kansa, gaba ɗaya, don katakon ya bi tafiyar injin daidai. Askin nan yana sake shi duk farkon damina da duk ƙarshenta, don katako ba ya zama yadda aka bar shi. Ranar da ya gama ya yanka ɗan murabba'i da ɗan da'ira ya auna su ta kowane gefe. Talle yana wurin. Ya ce mini Magagi ya fi rabin yini yana aunawa, sannan ya ce, "To. Yanzu ya zama inji."

Duk wannan a shekarun da tsararsa ke neman inuwa da tabarma ya koya, yana kallon waya da gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare, yana tambayar duk wanda ya fi shi faransanci ba tare da girman kai ba.

Aiki ya fara shigowa shagon Mansur. Allon suna na ƙofar shaguna, hatimin matan da ke yin sabulu, adon gadon amare. Amma aikin da ya fi kowane nauyi shi ne faifan shuka. Talle yana ƙera keken shuka wanda jaki ke ja. A cikinsa akwai faifai na roba mai ƴan ramuka a gefensa. Keke na tafiya faifan na juyawa, kowane rami ya ɗebi ɗan tsunkulen hatsi ya saki a ƙasa, keken ya rufe da turɓaya. Kun san ƙwayar hatsi. Ramin da zai ɗebe ta daidai, in ya ƙaru da kaurin farce ya zubar da iri, in ya ragu da kaurin farce bai ɗebi komi ba. Ido kuwa ba ya ganin bambancin. Manomi ma ba ya gani, don irin na ƙarƙashin ƙasa. Sai tsiro ya fito.

Shekarar farko Magagi ya yanka faifan da hannunsa a kan injin da ya daidaita. Gonakin da aka shuka da su sun fito layi-layi. Labari ya bazu ƙauyuka. Shekara ta biyu, ana gab da damina, mutane da yawa sunka yi oda. Cikinsu har da Hasiya, shugabar ƙungiyar mata ta Tabla. Matan nan sun samo irin hatsi mai saurin nuna, buhu ƙalilan, sun ari gona babba, sun sa ran abincin gidajensu na shekara a kanta. Yawancinsu mazansu sun tafi cin rani ba su dawo ba. In irin nan ya tafi, babu wani a bayansa.

Ranar Lahadi ta kasuwa, ina shimfiɗa igiyoyina, na ji Mansur daga bakin shago.

"Baba Magagi, yau a waje za mu yi aiki."

"Wane waje?"

"Nan, bakin hanya. Dubi mutane. Damana ta zo, Tabla ta zo. Kowa shi ga injin da idonai, shi koma gida shi ba da labari."

"Mai son gani shi shigo. Ƙofa buɗe take."

"Mutum nawa ƙuryar ga ke ɗauka? Shekara da shekaru kana ɓoye shi kamar amarya. Ni na saye shi, ni ba a san ni da shi ba."

"Mansur, in ka ɗaga shi daga kan siminti ka aza bisa rairayi, jikinai murɗewa za shi yi."

"Ƙarfe ne, Baba, ba tuwo ba."

"Ba allon suna za mu yanka yau ba. Faifan shuka ne. Abincin mutane ne."

Na taso daga rumfata na ce, "Kai Mansur, ji maganar babba."

Ya juyo yana dariya ya ce, "Kawu, in an zo zancen igiya ni da kaina zan zo in tambaye ka."

Wannan ɗan da na ɗauka a kafaɗata ranar sunansa. A gaban ƴan dako ya faɗa mini haka, sunka yi dariya, shi kuma ya ji daɗin dariyar. Ya sa su sunka ciccibo teburin da injin a kai, kowa na jan nasa gefen, sunka dire shi kan rairayi ƙarƙashin rumfar kwano. Ƙafa ɗaya ta rataya, wani ya cire tsohon silifa ya cusa mata.

Magagi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To an riga an fito da shi. Ba ni zuwa la'asar in nemo falankin da zan aza shi, in daidaita, in aske shimfiɗa."

"La'asar kasuwa ta watse. Wa za shi gani?"

"To ni ba ni yanka su haka."

"Kak ka yanka. Zanen na cikin ordinata, maɓallin ga shi nan. Na san inda ake dannawa. Dama ana hwaɗa mini tsufa ya sa ka nawa."

Magagi ya naɗe tiyonsa ya rataya a kafaɗa. Ya ce, "Danna abinka. Amma ka sani duk wanda na gani da faifan yau, zan gaya mishi kada shi shuka da shi."

Mansur ya danna. Ba gwajin takarda, ba komi. Ya ma ƙara wa injin gudu don ɓarɓashin roba ya riƙa tashi sama mutane su yi shewa. Kuma sun yi. Kasuwa ta taru a bakin shagonsa, aka ɗaga wayoyi ana ɗauka, shi yana tsaye da sabuwar shadda yana bayani kamar shi ya ƙera abin. Ni ina kallon ƙafar da ke kan silifa tana nutsewa cikin rairayi kaɗan-kaɗan duk sa'ad da injin ya girgiza. Faifai na fitowa fes, gwanin kyau, ana miƙa wa masu oda da zafinsu.

Ku da kunka yi tafi ranar nan, ban manta da ku ba. Wasunku sun ji abin da Magagi ya faɗa. Kallo ya fi muku daɗi.

Magagi tasha ya tafi. Dattijo da furfurarsa ya yini cikin rana yana bin motocin kasuwa, yana leƙa taga, yana cewa duk mai faifan yau ya gwada shi kan ƙyalle kafin ya shiga gona. Wasu sun ji. Wasu sun ce ai Mansur ya riga ya gaya musu an kori tsohon ne yana hassada. Wani yaron mota ya ce masa, "Baba, matsa, kana tare mana fasinja." Hasiya kuwa ta riga ta tafi da motar farko da faifan ƙungiyarsu a ƙullin zane. Talle ya yi ta kiranta, layin wayar wajensu a ɗauke yake kamar yadda ya saba.

Tsakiyar makon ruwan shuka ya sauka, mai yawa. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya. Ba a jiran kowa, ba a zuwa biki, ba a zuwa asibiti in ba dole ba. Kowa gona, tun danshi bai gudu ba.

Kai ne, Magagi, ka shiga motar farko da ta yarda ta bi hanyar Tabla da safe. Ba wanda ya aike ka. An wulaƙanta ka gaban kasuwa, ba ka da aiki, ba ka da gona a Tabla, ba ka da ɗa a can. Motar ta kafe a ƙori, kwarin da ruwan sama ke bi, fasinja sunka zauna jiran a tura, kai ka cire takalmi ka rataya a wuya ka shiga laka da gwiwar da na san tana hana ka tsayuwar nafila.

Abin da ya faru a gonar Hasiya ce ta gaya mini, a rumfata, tana yi tana share ido da bakin mayafi. Ta ce rana ta ɗaga, kekuna uku na aiki, sun shuka kusan rabin gonar, sai ga Magagi ya ɓullo daga bakin hanya, laka har cinya.

Ta ce, "Baba Magagi, lahiya? Wa ya mutu?"

Ya ce, "Tsaida jakunan, Hasiya."

"In tsaida jaki yau? Gobe ƙasar ga ta bushe, Baba."

"Tsaida su. Wata ta ara mini farin mayafi."

Wata tsohuwa daga bayan keke ta ce, "Ikon Allah. Tsoho ya zo neman aure, ya fara da roƙon mayafi."

Aka yi dariya, aka ba shi. Ya shimfiɗa mayafin a kan turɓaya, ya ɗaga bakin keken da ke tona ƙasa, ya ce a ja a hankali. Aka ja. Hasiya ta ce dariyar ta mutu a bakin kowa. A kan farin ƙyallen, tsibin hatsi, tsibi, tsibi, sannan fili ba ko ƙwaya, fili, fili, sannan tsibi kuma. Rabin ramukan faifan sun yi zurfi suna zubar da iri, rabin ko tsunkule ba su ɗauka. Ta waiwaya ta dubi gonar da sunka shuka tun safe, ta dubi abin da ya rage a buhu, ta zauna daɓas a ƙasa.

Ta ce, "Baba, mi zan gaya ma matan ga? Ni na ce mu bar sungumi mu yi da keke. Ni na karɓo faifan da hannuna."

Ya ce, "Ba ke kika yanka su ba. Tashi, ɗiyata, ba yau ne ranar kuka ba. Wanda ya shiga ƙasa ya shiga. Ku aje kekunan, ku ɗauko sungumi, ku shuka sauran da hannu kamar yadda uwayenku sunka yi. Ku rage tsunkule, irin shi kai ƙarshen gona. Ni ku ba ni faifan da wuta."

Haka aka yi. Aka aika gari aka kwaso sungumi, mata sunka jeru, mai sara na gaba, mai zuba iri tana rufewa da diddige a baya. Shi kuwa ya zauna gindin gawo da ƴar wuƙarsa da ƙusa da garwashi. Ramin da bai kai ba ya ƙwaƙule shi, wanda ya zarce ya ɗiga masa narkakkiyar roba ya goge, ya gwada kan mayafi, ya sake. Aikin da injin da ke zaune daidai zai gama kafin shayi ya dahu, shi ya yini a kai yatsunsa na ƙuna. Washegari kekuna biyu sunka koma aiki a gonakin maƙwabta da su ma sunka sayi faifan ranar Lahadi. Kafin ya baro Tabla ya gaya wa matan cewa in tsiro ya yi ƙwari kuma ruwa ya sake sauka, su cire daga inda ya cunkushe su dasa inda ya yi fili. Sun yi. Duk wanda ya taɓa dashen hatsi a duƙe ya san abin da bayansu ya sha. Rabin da aka shuka da keke bai ba da abin da ya kamata ba, amma ya ba da wani abu. Ɗaya rabin ya yi kyau. Gidajen matan nan ba su kwana da yunwa ba a shekarar, kuma sun ajiye iri.

Ba kowa ya kai gare shi ba, mutum ɗaya ne da ƙafa biyu. Wajen Damana akwai Hafizu, wanda ya yi bizne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa tun ranar Litinin yana jiran ruwa. Irinsa duka ya tafi kafin wani ya gaya masa komi. Da tsiro ya fito gonarsa ta zama kamar kan mai ƙwarƙwashi da aka yi wa mugun aski. Ya zo Filinge ranar kasuwa da faifan biyu a rataye da igiya, a wurina ma ya sayi igiyar. Ya ɗaure su a ƙofar shagon Mansur, ya zauna a ƙasa gabanta, ya ce ba ya tashi sai an gaya masa abin da ƴaƴansa za su ci. Mansur ya fito yana cewa laifin zanen ne, laifin jakin ne, laifin Talle ne. Talle ya ɗauko faifan bara na Magagi, zane ɗaya, keke ɗaya, ya ja kan farin buhu a tsakiyar kasuwa. Mutanen da sunka yi tafi ranar farko su ne sunka fi kowa zagi ranar ta biyu. Ban ga darajar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ba ka zo wurin ba ranar nan, Magagi. Na aika a kira ka don ka ga an wanke ka, ka ce kana gyaran keken wata tela. Daga baya da dattawan unguwa sunka zauna kan maganar, sunka tambaye ka abin da Mansur ya yi maka, ka ce ba kai aka yi wa ba, a tambayi Hafizu. Na so ka yi fushi. Har yau ina fushin da ka ƙi yi.

Dattawan sunka karɓe injin, ya koma hannun ƙungiyar manoman garin. Da aka kawo wa Magagi shi, rairayi ya cika sandunansa, meshi ya nutse ya yi wa shimfiɗa rami, ɗaya daga cikin ƴan injunan da ke tuƙa kansa ya ƙone. Ya zuba sabon siminti a ɗakin ƙungiya, ya sake komi daga zaren kusurwa har askin shimfiɗa, kamar ranar farko. Damina uku ke nan faifansa na yawo a ƙasarmu ta Kurfai, ban ji wanda ya dawo da ko ɗaya ba. Mafi yawan masu cin tuwon gonakin nan ba su san sunansa ba.

Yanzu ido ya ce ya isa. Ya miƙa aikin ga Habsa tela, wadda ya daɗe yana gyara wa keke, ya ce ya zaɓe ta ne don ita kaɗai ya taɓa gani ta warware ɗinkin riga gaba ɗaya saboda karkatar da mai rigar ma bai lura da ita ba. Na leƙa ɗakin makon jiya. Na same ta tsugune da tiyo a gindin tebur, mutum biyu na jiranta a waje suna tsaki. Ba ta ko ɗago kai ba.

Mun gode, Magagi, dattijon ƙuryar ɗaki. Matan Tabla sun ce in gaya maka sun gode, tsohuwar nan ta ce mayafin na nan in har yanzu kana so. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa abin da ka yi ya tarbe ka. Ku kuma masu sana'a, magina da teloli da masu walda da ƴan zamani masu injuna, ku je ku gaishe shi tun yana da rai, ku tambaye shi yadda ake duba abin da ke ƙarƙashin aiki kafin a fara aikin. In mai kaya ya matsa muku ku yi abin da kuka san zai cuci wani, ku naɗe kayan aikinku ku fita, sannan ku je ku gaya wa wanda za a cuta. Fita kaɗai ba ta isa ba.

Saura ɗan ƙanwata. Ga abin da kallon yini ɗaya ya ci masa. Injin ya tafi, dattawa sunka ce ya bar shi a madadin ɓarnar da ya yi wa ƙauyuka. Hatsin rumbunsa na bara an ɗora shi a amalanke an kai wa Hafizu da wasu mutum biyu a Damana, yana tsaye yana kallo. Talle bai sake kawo masa aiki ba, bai sake sayen ko sandar walda a wurinsa ba. Mutanen ƙauye ranar Lahadi suna wuce shagonsa su je ƙarshen layi sayen ƙusa. Ni kawunsa ina amsa gaisuwarsa don darajar uwarsa, amma ban sake zama a bencinsa ba. Gonar ubansa kuma, da yake ya yarda da ƙaryar kansa, da faifan ranar nan ya sa aka shuka ta, kuma ba wanda ya tsaya yi masa dashe. Damman da aka ɗaure a cikinta ba su cika amalanke ɗaya ba. Tun kafin sanyi ya wuce gidansa ya koma awo. Matarsa ce ke zuwa da kwarya, don shi ba ya iya tsayawa a layin masu hatsi, kuma a gaban tiyar Hasiya, wadda ke kawo hatsin ƙungiyarsu kasuwa, take tsugunawa.